Zaren Maƙwabciya

Luyen ta tsufa a masaƙar gwamnati ta garin Nam Dinh, kuma kunnenta ya fi idonta aiki. Ko a ƙarshen layi zare ya tsinke, ita ke fara ji, ta bar injinta ta je ta ƙulla. Haka aka koya musu tun suna 'yan mata: yadin sashe na kowa da kowa ne, albashi kuwa shekarun aiki ke yanke shi. Babu wanda ya taɓa ce mata sannu, ita ma ba ta nema ba.

Sai zamani ya juya. Aka soke katin rabon shinkafa, aka ce kowa zai ci gwargwadon yadin da injinsa ya fitar. Ƙarshen wata a tara sashe, a ɗaga hannu a raba mutane aji uku. Wadda ta maimaita aji na uku za a sallame ta, ta kuma bar ɗakin ma'aikata. A ɗakin nan Luyen ke jinyar mijinta.

Ranar taron, shugaban sashe, Khoat, ya faɗi abin da kowa ya sani: yadin Luyen ne mafi ƙanƙanta. Ta ce ai rabin yininta a injinan mutane take yi. Ya amsa a gajiye cewa ba shi da awon wannan. Da aka zo sa ta a aji na uku, hannuwa suka tashi a hankali, kowa na kallon ƙasa. Na ƙarshe shi ne na Tham, maƙwabciyarta a layi, wadda Luyen ta koya wa ƙulli da hannunta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

A bakin ƙofa Tham ta riƙo rigarta. "Yaya, yara uku gare ni. In ba ke ba, ni ce."

"Na sani, ƙanwata. Sake ni, kar ki yaga, ita ke nan gare ni."

Washegari da hantsi Luyen ta ji ƙarar nan da ta sani ta tsinkewar zare, daga dama. Injin Tham ne, Tham ɗin kuwa ta ba shi baya tana gyaran wani, yadi na fita da rami. Ƙafar Luyen ta ɗaga da kanta, ta mayar da ita. Ta damƙe ƙarfen injinta, ta zuba wa nata zaren ido, ba ta ko kira sunan Tham ba.

Wannan watan Luyen ta fito aji na biyu.