Dattijo Mai Auna Taya da Igiya

Ina jiran motar Gaffati a gefen layin masu taya, ga wani dattijo durƙushe gaban tulin tayoyin gwanjo. Rigarsa ta sha guga, amma wuyanta ya cinye. Yana riƙe da igiya mai ƙulli ɗaya. Kowace taya sai ya miƙe igiyar a ramin tsakiyarta, ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, faɗi lamba mana," in ji mai rumfar.

"Lambar ta goge tun ba a haife ka ba. Motar Amirka ce, mai dogon hanci, ta daɗe a kan bulo. 'Ya'yana sun ce in ba ta tashi ba kafin Sallah, za su ba masu narkar da ƙarfe."

"Ai gara, ka samu tukwane," in ji mai rumfar.

Ana ta dariya. Raina ya ɓaci, mutum sa'an ubansu. To me zan ce? Taya gare ni? Ina jin direban wani babba ne a da, aka sallame shi da motar a madadin fansho. Ko tayar ma riƙon sitiyari yake yi mata.

Yana auna ta ƙarshe. Ƙullin bai kai baki ba, ramin ya yi faɗi da yatsa biyu. Ya daɗe yana kallonta.

"Ɗaura min ita a babur."

"Baba, ba za ta zauna a motar ba fa."

"Na sani. Yaran dai su ga na shigo gida da wani abu."