Garin da Ke Aron Wuta

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Malumfashi, komai da lokacinsa. Da farko a ci tuwo. Sannan a wanke kwanoni. Sai an kife su tukuna Kaka Ladi take zama bakin murhu ta ce, "Ga ta nan tafe, mai miya a hannu ba da shi nake ba." Ni take kira maigidanta, kuma hannuna take fara dubawa.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta garin da ba ya kunna wutarsa. Kowace safiya mata su ɗauki kasko su haye rafi, su ɗebo garwashi a garin maƙera. Rannan yaƙi ya tashi, aka tare mashigin rafin. Murhu ya yi sanyi, yara na cin gumbar ɗanyen gari. Aka taru gindin tsamiya. Wata tsohuwa ta ce tana da ƙyastu, ta san yadda ake fitar da wuta daga dutse, amma hannunta rawa yake yi, sai dai wani ya zauna gabanta kwana bakwai ya koya. Gardama ta kaure. Wasu suka ce tsafi ne, wasu suka ce a naɗa sarkin ƙyastu tukuna, wasu na rigimar unguwar da za a fara koya wa. A kwana na shida yaƙi ya lafa, kowa ya ɗauki kaskonsa. Yaƙi na biyu ma haka. A na uku suka ruga ɗakinta, aka ce ai tun bara aka binne ta.

"To ƙyastun fa, Kaka?"

"Yana nan rataye, maigida. Kowa ya buga sai ya fasa yatsa. Ta ƙare, ku tashi."

Ban sake tuna ta ba sai a 2003, ina aiki a wani kamfanin ɗura iskar gas a tukwane a Al Quoz, wata unguwar masana'antu a Dubai. Da yaƙin Iraƙi ya matso, kowace tasha aka kama maganar mai: idan aka tare mashigin teku fa? Sai kalmar haidurojin ta cika bakin kowa. Iska ce da ake rabowa daga ruwa da lantarki, ana cewa wata rana ita za ta tuƙa motoci. Masu muhawara a talabijin suka rabu. Wasu sun ce gwamnatoci su zuba ƙarfi a kanta yanzu, wasu sun ce bam ne a cikin tukunya, wasu sun ce mafarkin Turawa ne.

Mu kuwa muna da ƙaramin injin raba haidurojin ɗin a bayan sito, wanda aka daɗe da rufewa da tamfol. Mutum ɗaya ya san kan injin, wani tsohon injiniya ɗan Indiya da muke kira Baba. Manaja ya sa aka yaye tamfol, ya ce a rubuta sunan masu son koyo. Mu tara muka rubuta. Aka yi taro kan wanda zai shugabance mu. Aka yi wani kan ranar farawa. Kafin na uku, jiragen mai na wucewa lafiya, talabijin ta koma ƙwallo, manaja ya ce, "Khalas, shi ke nan, a mayar da tamfol."

Baba kuma saura wata biyu bizarsa ta ƙare, ya koma gida ke nan.

Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in zaga sito. Isuhu, direbanmu ɗan Maraɗi, ya ce, "Bon, Bitrus, kai da ba ka ɓata layi ko a wajen wanka, me ke cizonka? Yaƙi ya wuce, habibi. Gazuwal na nan a tanki."

"Tsohuwa ba ta mutu ba tukuna," na ce.

"Wace tsohuwa? Voilà, zafin Dubai ya taɓa Fasto." Da wannan sunan yake tsokanata.

Juma'a ce kaɗai hutunmu, ita ce kuma ranar zuwa cocinmu. Na nemi izinin manaja, ya ɗaga kafaɗa. Sai na riƙa zuwa sujadar safe, in hau bas in dawo Al Quoz, in zauna gaban Baba. Darasi na ɗaya, ruwan sabulu a kowane haɗin bututu, a duba kumfa. Na biyu, a buɗe tagogin sama, don iskar nan rufi take nema. Na uku, da rana ba a ganin harshen wutarta, saboda haka sai ka riƙe tsintsiya a gabanka. In bakin tsintsiyar ya kama wuta, ka tsaya. "Shwaiya shwaiya," wato sannu-sannu, in ji Baba, duk lokacin da na yi gaggawa. Juma'a bakwai na samu. A ta takwas na raka shi filin jirgi.

Yau shekara biyar ke nan. Mai ya sake tsada, ana sake raɗe-raɗin yaƙi a bakin teku, masu muhawara sun dawo da kalmar nan kamar jiya suka ƙirƙiro ta. Da ina yaro na ɗauka laifin mutanen garin wauta ce. Yanzu na ga ba wawaye ba ne. Tsoro ne ke tara su gindin tsamiya, shi kuma ba ya kai kwana bakwai.

Makon jiya manaja ya sa a rubuta sunaye, an samu goma sha ɗaya. Sun tambaye ni ranar taro. Na ce babu taro, duk mai so ya zo Juma'a da tsintsiyarsa. Isuhu kaɗai ya zo, yana ƙunƙuni, ya kuma riƙe ta a baibai.