Baƙon Gidan su Don-me

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa. Don-me kowa ke kiran ta, domin ko ɗinki ka kawo shagonta, sai ta ji dalilin da ya sa kake son aljihu a hagu kafin ta ɗauki almakashi.

A gidansu akwai wani ciwo da suke kira Baƙo. Ba ya sallama. Mutum ya kwanta garau, ya tashi leɓe ya yi suntum, ko yatsu su kumbura har zare ya gagari allura. Babu ƙaiƙayi, an kwana biyu ya tafi abinsa. Duk zuwan da ya yi, abincin jiya ake ɗora wa laifi. Haka ƙwai ya bar gidan, gyaɗa ta bi bayansa.

Ranar da Baƙo ya sauka a maƙogwaron babansu, kifi Inna ta soya. Kafin a kai shi asibiti numfashi ya ɗauke. Babu wanda ya ce mata uffan, amma ita ta yanke wa kanta hukunci. "Da hannuna na ba shi," take cewa, har ta tsufa a kan wannan magana.

Abin na ci wa Don-me rai. In kifi ne, don me ita take kumbura, alhali rabonta da shi tun tana makaranta? Ta dinga addabar likitoci da tambaya, har wata ta ɗibi jininta.

"A cikin jini akwai sinadarai masu gadi," in ji likitar da sakamako ya fito. "Ƙwayar cuta na shigowa, na farko ya tashi na biyu, na biyu ya tashi na uku, har su huda ta. Akwai kuma mai ce musu ya isa haka. Shi ne ya yi ƙaranci a jininki, sai ruwa ya yi ta tsatsafowa cikin tsoka. Gado ne, kuma akwai magani."

"Ashe ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. To, kifi fa, Likita?"

"Babu ruwan kifi."

Ba ta buɗe shago ranar ba. Kasuwa ta biya, ta shigo gida da ƙunshin kifi yana ƙarni, ta durƙusa ta zayyana wa Inna komai.

Inna ta kalli ƙunshin.

"Sake faɗa mini," ta ce. "A hankali."