Baƙin Kan Jirgin da Bakano Ya Karɓa Shara

A makarantar mishan da na yi an koya mana cewa kowane abu yana da mazauninsa, kuma wanda ya ɗinke farar riga da baƙin zare bulala ce ladansa. Da wannan tarbiyya na girma, da ita na koyar har na yi ritaya, da ita kuma na sauka ɗakin ƙarƙashin gidanmu a garin Lanham na ƙasar Amurka na shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur.

Jiragen ƙanana ne, irin waɗanda lantarki ke ja ta cikin layin. Ban yarda a kira su kayan wasa ba. Na gina musu tasha da gada, na kuma gina dutse mai rami wanda jirgi ke ratsawa, na auna bakin ramin da rula yadda babu rarar ko faɗin farce. Amma abin alfaharina shi ne wani baƙin kan jirgi ƙirar Ingila mai dogon bututun hayaƙi, kamarsa ɗaya da jirgin kwal da ke tsayawa a Zariya muna yara. In yana zagayawa, nakan ji ƙanshin gyaɗar da ake talla a bakin tasha.

Wata rana da hantsi ya tsaya cak a kan gada, ya yi ƙauri. Na kai shi wani shagon masu wannan sha'awa wajen Germantown. Mai shagon ya duba, ya ce injin cikinsa ya ƙone, kuma an daɗe da daina ƙera irinsa. Dabara ɗaya ce ta rage: a cire gangar jikin a ɗora ta a kan ƙafafu da injin wani jirgi na Amurka, tunda faɗin layinsu ɗaya ne. Na gode masa, na ce ban zo neman haɗin gambiza ba. Na dawo da shi gida na ajiye a kan kanta, ina share masa ƙura duk Juma'a. Sauran jiragen suna nan lafiya, amma na daina kunna su, don ban ga dalilin da za su yi yawo alhali shugabansu yana kwance ba.

Ina da wani aboki Bakano a Mitchellville, mai sana'ar tura tsofaffin motoci gida. Mutum ne mai ƙatuwar murya da gajeren haƙuri, wanda ya yi imani cewa duk abin da gam bai riƙe ba, to ba a zuba isasshe ba ne. Tunda ni Bazazzage ne, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "bawana", ni ma da shi nake kiransa, ko da yake tarihi yana bayana.

Ranar cika-ciki ya zo gidanmu. Ya cinye tuwon da uwargida ta tuƙa, ya nemi ƙari, sa'an nan ya sauka ƙasa ba tare da an yi masa iso ba.

"Bawana, ina sharata?"

Na kai hannu aljihu. Ya ce, "Bar shi, bana ba takarda nake so ba." Ya miƙa hannu kan kanta, ya ɗauki baƙin kan jirgin da yatsun da bai gama goge man miya daga gare su ba, ya jefa shi aljihun babbar riga tare da makullan mota.

"Ajiye shi," na ce.

"Gawa ce fa. Kai kaɗai na taɓa gani yana yi wa gawa shara duk Juma'a."

Na dubi uwargida, wadda ta biyo mu da shayi, ina neman ta shiga tsakani. Ta ce, "Malam, abokin wasa ya karɓi shara. Ni ban taɓa jin an ƙwace ba." Na lura kofunan suna rawa a kan faranti, na kuma san dariyar da take dannewa ce ta jawo, ba nauyinsu ba.

Al'ada ta ɗaure ni. Fushi da abokin wasa abin kunya ne, kuma in na yi, kafin sallar Juma'a labarin ya gama masallaci. Sai na riƙa kiransa a waya cikin ladabi ina tambaya. Kullum amsarsa ɗaya ce: "Yana asibiti. Ana masa dashen ciki. Ka yi ta addu'a."

Da ya dawo da shi, a cikin kwalin takalmi ya kawo shi. Na buɗe, na zauna. Ƙafafun jajaye ne, na wani jirgin Amurka da ya tsinta a gwanjon ƙofar gida. Ya manna masa ƙararrawa a ka, wadda jiragenmu ba su san ta ba. Tsakanin gangar jikin da injin kuwa ya cusa wani shuɗin abu.

"Mene ne wannan?"

"Silifas ne. In babu shi jikin yana gugar taya."

"Silifas ɗin wa?"

"Kai dai ɗora shi, bawana. Jarrabawa kake ba ni?"

Na ɗora shi a kan layi, domin in ya ƙi motsi in sami abin faɗa. Na murɗa makunni. Ya yi ɗan gunji, ya girgiza, sai ya zabura da baya a guje, ya tarwatsa taragan da ke tasha.

Bakano ya riƙe ciki. "Wallahi naka ne! Na sa masa zuciyar Amurka, amma ya ƙi kallon gaba."

Na duba cikinsa. Ya juya wayoyin ne, abin da ɗan firamare ba zai yi ba. Na kunna ƙarfen dalma na mayar da kowace mazauninta. Na ɓamɓare ƙararrawar na miƙa masa. Na shafe jajayen ƙafafun da baƙin fenti, yana tsaye a kaina yana cewa na kashe masa kwalliya. Silifas ɗin ne kawai na kasa yi wa komai, don na gwada cire shi, jikin ya zauna a kan taya kamar yadda ya faɗa. Na yanke gefensa daidai, shi ma na shafe shi.

Da fenti ya bushe na sake murɗawa. Ya tashi a hankali, ya bar tasha, ya hau gada. Ban san na miƙe tsaye ba. Ya sha kwana ya nufi dutse, sai muka ji ƙwas. Bututun hayaƙin ya daki saman ramin, jirgin ya tsaya yana murza ƙafa a wuri ɗaya. Sabon injin da silifas sun ƙara masa tsawo.

"Abu mai sauƙi," in ji Bakano. "Kawo zarto a rage bututun."

"Hannunka ya taɓa bututun nan, zumuncin Kano da Zazzau ya ƙare."

Uwargida, daga kan matakala, ta ce, "To Malam, a mayar da shi kanta ke nan?"

Na dubi dutsen. Babu abin da na taɓa ginawa da ya kai shi daidaito. Na dubi kan jirgin, wanda injinsa ke da ɗumi a karo na farko tun ranar da ya yi ƙauri. Na ɗauko zarto da rula da fensir.

"Har yankan ma sai an auna?"

"Riƙe fitilar nan, bawana. Ba a fuskata ba, a kan dutsen."

Na ja layi, na yanke saman ramin, farin gari yana zuba a kan hannun rigata. Bakin ya yi wa sauran jiragen yawa, kuma duk mai ido zai gani. Na hure garin daga kan layi, na murɗa makunni. Baƙin kan jirgin ya shige duhu, muna jin motsinsa a ciki, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Bakano ya yi kabbara har hularsa ta faɗo a kan layi. Na ce ya ɗauke ta maza, jirgi yana tafe.