Shekarar da Inna Ta Yi Aikin Ƙudan Zuma

Babana ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa a Jazira. Auduga yake tsinta a hawashar wasu, wato gonakin da hukuma ta raba wa manoma, mu kuwa muna zaune a kambon 'yan ƙwadago bayan Wad Haddad. Abin da ya mallaka a duniya amyoyinsa ne na zuma, waɗanda ya saƙa da kara, ya shafe da kashin shanu, ya rataye a gawon bakin tur'a, babbar hanyar ruwa. Yakan ce ƙasa tasu ce, amma iska ta kowa ce. Har gobe ina jin haushin wannan magana.

Duk lokacin da jirgi zai yi wa auduga feshi, gafir, mai gadin ruwa, kan leƙo kambo ya faɗa. Sai mu jiƙa buhuna da asuba, Baba ya hau gawo ina miƙa masa, ya lulluɓe amyoyin kafin zuma ta fita kiwo. Idan warin ya kwanta sai a buɗe. Ladan gafir ƙoƙon zuma ne duk kaka.

Wata shekara aka canja gafir. Sabon ya bi gidajen masu hawasha ɗaya bayan ɗaya, ya ce su ɗaure awakinsu. Kambo bai taka ba.

Da hantsi muka ji ƙarar jirgin. Muna cikin auduga, Baba ya yar da buhun tsinta ya ruga, tsoho da ciwon gwiwa. Ko da na iso, ƙasan gawon ya yi baƙi da matattun ƙudan zuma kamar an watsa gawayi, wasu suna ta juyi a rigingine. Ya tsuguna yana kwasarsu a tafin hannu, ko ɗaya ba ta harbe shi ba.

Da yamma ya tare gafir a kan gada.

"Bawan Allah, mi ya hana ka hwaɗa muna?"

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya hajj," in ji gafir. "Masu gona aka ce in gaya wa. Kai ina gonarka?"

Na buɗe baki zan mayar masa, Baba ya daka mini tsawa, wai ba a yi wa mai riƙe da ruwa rashin kunya. Na haɗiye maganata.

Mun ɗauka asarar ta tsaya a kan zuma. Sai kabewar da Inna, mahaifiyata, ke shukawa a bayan ɗaki, wadda muke miya da ita har rani, ta yi fure jingim, furen ya riƙa zubewa ba ɗa. Inna ta duba ta duba, ta ce ba mai kai saƙo tsakaninsu ne. Daga nan kullum da sassafe sai ta tsinki furen namiji, ta bi na mata tana goga musu, a duƙe, ga tarin da feshin ya bar mata.

Baba ya sake turara amyoyin, ya mayar kan gawo, yana jiran wani taron zuma ya sauka. Kullum ya dawo daga gona sai ya tsaya a ƙasa ya kasa kunne.

Bayan an kwana biyu gafir ya zo kambo da kansa, da fara'arsa, ya ce gobe akwai feshi. Baba ya gode masa, ya ce in jiƙa buhuna.

"Baba, ai ba kowa a ciki," na ce.

"Jiƙa dai, ɗiyata."

Na jiƙa, na miƙa masa, ya hau ya lulluɓe su.