Ranar da Ɗankwali Ya Hau Kwandon Tumatir

A kasuwar kayan gwari da muke zama a Enugu, idan babbar mota ta iso daga Arewa, 'yan dako kan sauke kwandunan tumatir su jera su layi-layi a ƙasa. Kowane ɗan kasuwa sai ya cire hularsa ya ɗora a kan layin da yake so. Inda hularka ta sauka, layin ya zama naka ko ba ka ce uffan ba. Haka muka tarar ana yi. Da safe sai ka ga dattawa da furfura suna ɗan gudu-gudu, hula a hannu, sanƙo a waje.

Maigidana, wanda ya kawo ni Kudu tun ina saurayi, ya rasu ya bar rumfa da 'ya mace. A unguwar Asata ta nan Enugu aka haife ta, tana jin yaren Ibo fiye da yadda nake jin Hausar Sakkwato, kuma matan da ke sarin tumatir sun fi son ciniki da ita. Amma ba ta da hula, saboda haka ni nake kama mata kaya. In kama layi, in ware jajaye masu tauri in kai rumfata, in tura mata waɗanda suka kwana a ƙasan mota suna zubar da ruwa. A lokacin ina kiran wannan riƙon amana. Allah ya yafe mini.

Wata rana ta same ni ina shan shayi, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ta saba, sannan ta ce, "Kawu, ina so in riƙa kama kayana da kaina."

Na ce, "Ɗiyata, cikin maza? Za su take ki."

"Kawu, waɗannan mazan da ke haki kafin su kai layi na biyu?"

Da maganar ta je gaban dattawan kasuwa, ni ne na miƙe na ce ba wanda ya hana ta, al'ada ce kawai ta ce da hula ake kama kaya, duk mai hula ya zo. Aka yi dariya, aka ce na iya magana. Har na koma gida ina jin daɗin kaina.

Da mota ta sake zuwa, muna tsaye muna jiran a gama saukewa, sai ga okada, wato acaɓa, ta tsaya. 'Yar maigidana ta sauko cikin dogon hijabi, ga hular mahaifinta zaune daram a kanta. Tsohuwar hula ce mai aikin shuɗi, ba wanda bai san ta ba a kasuwar. Kafin mu rufe baki ta wuce mu, ta cire ta, ta ɗora a kan layin da kowa ya sa wa ido. Wata 'yar Ibo mai saye ta buga shewa ta ce da Turancin buroka, "Madam don carry cap o!" wai madam ta ɗauko hula.

Mai albasa na kusa da ni ya zungure ni. "Alhaji, je ka ɗauke mana."

"Ni? Hular mamaci? Kai ka ɗauke."

Ba wanda ya taɓa. Ta sa aka kwashe kayanta, ta karkaɗe hular, ta ce mana a yi kasuwa lafiya.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na sake kawo dabara. Na ce a je wurin liman, tunda kowa ya san bai dace mace ta yi shigar maza ba. Bayan la'asar muka taru a ƙofar gidansa, mu a tabarma, ita a gefe daga bakin zaure. Na zayyana komai, har da ƙari.

Liman ya saurara, ya ce, "Gaskiya ne, 'yata, hula ba suturarki ba ce. Ki daina."

Ta ce, "Na daina, Malam."

Na gyara zama ina kallon abokaina.

Sai ta ce, "Amma Allah ya gafarta Malam, sana'ar ita ma in daina?"

"A'a, wa ya ce? Neman halal ne."

"To da me zan kama kayana?"

Liman ya juyo gare ni. "Alhaji, ita wannan hular, a wane littafi ka ga an wajabta ta?"

Ni da karatuna bai yi nisa ba, sai na ce al'ada ce dai, kowa yana ɗora abin da yake sawa a kai.

"To shi ke nan. Ita ma ta ɗora abin da take sawa a kai."

Mai albasa ya sunkuyo ya raɗa mini, "Sannu da ƙoƙari, lauya."

Ranar motar da ta biyo baya ta zo da ɗankwali a jaka, kuma ba ita kaɗai ba. Ta taho da wasu zawarawa masu sayar da attaruhu, waɗanda su ma da hular ƙannen mazajensu ake kama musu kaya. Ka san ɗankwali ba nauyi, daga nesa ake wurga shi ya buɗe ya sauka. Mu muna gudu, su suna tsaye suna jifa. Dattawa suka yi ƙorafi, sai ita ce ta kawo shawarar a riƙa bi da bi, wanda ya fara zaɓa yau ya koma ƙarshe gobe. Aka karɓa da sauri, har da masu cewa dama abin da suke shirin faɗa ke nan. Yanzu in direba ya taso daga Arewa, ita yake fara kira.

Na daɗe ina kewaye rumfarta. Sai bayan ciwon gwiwa ya zaunar da ni na tattara ƙarfin hali na je, na ce mata akwai hakkinta a kaina, na ruɓaɓɓen tumatir da na sauran.

Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, ta ce, "Kawu, na tumatir na yafe, amma na ji zafinsa, ba zan ɓoye maka ba. Na liman kuwa ni ce da godiya. Da ni kaɗai ce, ai kunya ba za ta bar ni in je ƙofarsa ba. Kai ka kai ni, kai ka yi duk bayanin."