Mai Jakin da Baba Ya Karanta Daga Dama

Shekarar da aka zo Bungudu rubuta yaran da za a sa makarantar boko, Baba ya ce ban da ni. Malami ne, alƙalaminsa bai taɓa tasowa daga hagu ba, bai kuma ga dalilin da ɗiyarsa za ta fara ba. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar me. Na yi kuka har Inna ta gaji da rarrashi.

Kawuna, ƙanen Inna, yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Gusau. Duk mako yakan yanke zanen barkwanci daga jarida, hoto huɗu a jere, labarin wani mai jaki da kullum wayonsa ke kai shi ƙasa. Da suka taru ya ba baduku ya ɗinke su da bangon fata, ya kawo mana tsaraba.

Baba ya karɓa da yatsa biyu, yana yatsina fuska. Amma ya buɗe, ta baya mana, ya bi hotunan daga dama yadda ya saba. Ga mutum kwance cikin taɓo, ga shi ya rungumi wuyan jaki, ga shi zaune daram, ga shi yana murmushi da hularsa tsaf.

"Wanga mutum na da haƙuri," in ji Baba. "Kullum ƙasa shika hwarawa, amma sai ya tashi."

Kawu ya buɗe baki zai gyara masa, na taka masa ƙafa.

Da Kawu ya koma Gusau, rubutun da ke fitowa daga bakin mai jakin ya hana Baba sakat, ga shi babu mai karanta masa. Rana ta huɗu ya kira ni. "Ke, tahi ki koyo, ki zo ki hwaɗa min mi shika cewa."

Bayan shekara na zauna gabansa da littafin. Na tabbata in ya ji gaskiya ya cire ni daga makaranta ke nan. Duk da haka na faɗa masa daga hagu ake farawa, mutumin faɗuwa yake yi.

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya tuntsire da dariya.

"Naku dai ya hwaɗi. Nau ya tashi," ya ce. "Gobe ki yi sammako kar ki makara. In kin dawo ki karanta min daga dama."